Mudir Rafi'u Ya Ɗaukaka Ƙara

A duk unguwar Sharafiyya ta birnin Jidda babu wanda bai san gashin bakin Rafi'u ba. Mutumin Gadarif ne, cikin Hausawan Sudan, direban motar wani sito da ke kai gadaje da kujeru gidajen mutane. Amma idan ka gan shi da yamma a shagon Abdallah mai aski, ya harɗe ƙafa yana murza gefen gashin nan, sai ka rantse shi ne kafili, wato ubangidan baƙin unguwar gaba ɗaya. Tun kafin ya auri A'i yake kiwonsa. Yana shafa masa mai, yana taje shi, ko shayi zai sha sai ya ɗage shi da yatsa tukuna. Abdallah ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan gashin nan, amma Rafi'u ƙeya kaɗai yake ba shi.

Bayan gashin baki sai bakin kansa. Babu abin da Rafi'u bai taɓa yi ba a Gadarif. In ana zancen kokawa, ya kayar da ƙato. In ana zancen jirgin sama, saura ƙiris ya tuƙa, matuƙin ne ya yi masa hassada.

Wata yamma Nuraddeen, ƙanin A'i, ya shigo shagon. Aikinsa kula da dawaki a wani fili da ke bayan Khumra. Shi da abokansa uku, duk tashin unguwar Karantina kafin a rushe ta, sun shekara suna horo don gasar wasannin kan doki da filin yake shiryawa, irin wadda mahayi zai sunkuya a guje ya zari tuta daga bokiti, ko ya ɗauke kofi daga kan wannan sanda ya kifa a kan waccan. Sun sa wa kansu suna 'Yan Karantina. Abu ɗaya ya rage musu. Doka ta ce kowace ƙungiya ta zo da mudir, wato shugaban da ba ya hawa, wanda zai riƙa magana da alƙalai.

"Mudir?" in ji Rafi'u, yana gyara zama. "Ya zol, ai ka faɗo hannun mai abin. Ni da na yi alƙalancin sukuwa a Gadarif har dawakai suka san muryata?"

"Yaya, ba wani aiki ba ne fa," in ji Nuraddeen. "Ka zauna a inuwa kawai. In an kira mudir ka ce na'am."

"Kai dai yaro ne. Wasa ba a kan doki ake cinsa ba, a gaban alƙali ake cinsa. Ku hau abinku, ku faɗo ma in kun ga dama. Ni zan yi ta ɗaukaka ƙara har kofin ya gaji ya zo hannunmu."

Abdallah ya dakatar da almakashi. "In bai zo ba fa?"

Rafi'u ya dubi mutanen shagon, ya ga duk shi suke kallo, kansa ya ƙara girma. Ya kama gefen gashin da yatsu biyu.

"In kofin nan bai kwana a Sharafiyya ba, ka aske wannan."

A garin nan in namiji ya sa gashin bakinsa a magana, to maganar ba ta komawa ciki.

"Jama'a, kun shaida?" in ji Abdallah cikin murna.

"Mun shaida!"

Kafin Rafi'u ya isa gida labari ya riga shi. A'i na yanka albasa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Abu Rahma," ta ce da shi, don da wannan alkunya ake kiransa, "wane doki ne ya san muryarka? Jakin mai ruwa na ƙofar gidanku ma, da ya yi kuka katanga ka haura."

"Wancan jakin mahaukaci ne, duk Gadarif an sani."

"To Allah Ya sa dawakan Khumra masu hankali ne."

Ranar gasa ta zo, wata Asabar ta lokacin sanyi, wato abin da mutanen Jidda ke kira sanyi, lokacin da mutum zai iya tsayawa a rana bai narke ba. Rafi'u ya riga kowa isa filin. Farar jalabiya, rawani irin na Sudan mai hawa-hawa, ga usur a wuya wanda babu wanda ya ce ya saya. Ya shiga filin yana auna layukan tsere da taku, hannu a baya. A layi na biyu ya tsaya. Ya koma ya sake aunawa. Bokitin ƙarshe na layin nan ya fi na sauran kusa da taku guda cur. Ya tambaya wa aka ba layi na biyu, aka ce 'Yan Ubhur, ƙungiyar da kowa ke tsoro, wadda wani dogo mai suna Muath yake jagoranta.

Rafi'u ya yi murmushi har gashin ya taɓa kunnuwansa. Bai gaya wa kowa ba. Irin wannan harsashi, a ganinsa, ba a harba shi da safe.

Babban alƙali shi ne Ustaz Othman, haifaffen Jidda, jikan mahajjatan da suka zo daga Katsina suka zauna. Yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar sai ta fito da rabin Larabci. Ya tara mudirai a rumfarsa.

"Ihtijaj, yaʿni ɗaukaka ƙara, mudir ne bas, shi kaɗai, yake kawowa," in ji shi. "Ya zo nan ya faɗa da bakinsa kafin a buga ƙararrawar wasa na gaba. In wasan ƙarshe ne, kafin a miƙa kofi. An buga, halas. Kuma doki yana gudu, ma fi, babu wanda zai tsallake igiya. Mafhum?"

"Ranka ya daɗe, ai mu muka rubuta irin waɗannan dokoki a Gadarif," in ji Rafi'u.

Aka fara da tseren kofuna. Tun ba a je ko'ina ba wani ɗan Ubhur ya ture sanda da gwiwa, ya wuce abinsa bai sauka ya tayar ba. Laifi ne a fili, kowa ya gani, sai dai alƙalin layin da ƙura ta shiga wa ido.

"Yaya, je ka!" Nuraddeen ya yi ihu daga kan doki. "Sun kayar da sanda! Yalla, da sauri!"

Rafi'u ya tashi, ya gyara rawani, ya taka zuwa rumfa cikin ƙasaita. Mudir ba ya gudu. Kuma ɗan mutunci ba ya faɗa wa manya da ƙara kamar ya zo karɓar wuta.

"Assalamu alaikum, Ustaz Othman. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya zafin nan?"

"Alhamdu lillah, ya Abu Rahma. Akwai wani abu?"

"Lafiya lau. Yaya Hajiya? An ce mini tana fama da gwiwa."

Ya gama da Othman ya koma kan mataimakinsa na dama, ya gama da shi ya koma kan na hagu, kowa da nasa kason. Aka miƙo masa gahwa da dabino, ya karɓa, domin mayar da gahwa rashin tarbiyya ne. Daga nan aka gano cewa kawun A'i maƙwabcin su Othman ne a Karantina, sai zance ya koma kan wa ya koma ina bayan rusau. Can nesa Nuraddeen yana ta ɗaga hannuwa sama. Rafi'u ya ɗaga masa nasa, alamar komai na tafiya daidai.

Ya ajiye ɗan kofin, ya yi gyaran murya. "To, abin da ya kawo ni..."

Ƙararrawa ta buga.

"Halas, ya Abu Rahma," in ji Othman. "An buga."

Da ya dawo wurin zama, ya tarar da Abdallah ya zaro aska daga aljihu yana goga ta a tafin hannu.

"Me ya kawo aska filin dawaki?"

"Iska ta zo sha, Mudir. Kullum tana ƙunshe a shago."

"Dabara ce," Rafi'u ya ce wa A'i, wadda ke zaune da matan unguwa a baya. "Na fara sanin halin alƙalin tukuna."

"Ka san halin gwiwar Hajiya dai," in ji A'i.

Matan suka kwashe da dariya, abin ya sosa masa rai. Ya ƙudurta a zuciya cewa daga yanzu babu gaisuwa, ko mahaifinsa ya gani a rumfar nan ƙara zai fara.

A wasa na biyu kuwa ya ga kamar dokin wani ɗan Ubhur ya fita kafin ɗan'uwansa ya iso layi. Ko ya fita ko bai fita ba, Allah masani. Rafi'u ya zabura, ya ga zagaye ya yi nisa, ya tsallake igiya ya ratsa tsakiyar fili yana busa usur da iyakar ƙarfinsa. Dawakan da suka ji usur suka ɗauka an tsayar da wasa. Wasu suka ja birki, wasu suka juya, wani mahayi ya wuce ta kan wuyan dokinsa ya sauka a zaune. Rawanin Rafi'u ya warware yana binsa a baya. Wata 'yar goɗiya, mafi ƙanƙanta a filin, ta ga farin ƙyalle yana gudu ta ce da wa aka haɗa ta, ta rufa masa baya.

"Ku riƙe ta! Mahaukaciya ce!" Rafi'u yana ihu yana zagaye sanduna. Mutane suka ce tun safe ba a ga wanda ya zagaye su da kyau irinsa ba.

Ya faɗa rumfa da takalmi ɗaya, yana haki. "Ina ƙara!"

"Wa alaikumus salam," in ji Othman.

Aka soke wa 'Yan Karantina makin wasan gaba ɗaya saboda mudirinsu ya tsallake igiya. Aka karɓe usur. Goɗiyar kuma ta ƙi sakin rawanin sai da aka ba ta karas.

Nuraddeen ya zo bakin igiya, idanunsa jajur. "Yaya, don girman Allah, ka zauna. Kar ka taimake mu. Shi kaɗai nake roƙo."

"Haka yara suke," Rafi'u ya ce wa Abdallah bayan ya tafi. "Ba su san yaƙi ba."

"Ni na san shi," in ji Abdallah. "Ka fi son sabulu ko kumfa?"

Ikon Allah, duk da mudirinsu, samarin Karantina suka yi ta cin wasa bayan wasa. Nuraddeen yana sunkuyawa har gashin kansa ya kusa share ƙasa, ya zari tuta ya miƙe. Kafin azahar ƙungiyoyi biyu suka rage, su da 'Yan Ubhur, kuma tseren tutoci ne zai raba gardama.

Shi kuwa Rafi'u ya riga ya sauya dabara. Ya ce alƙali mutum ne, mutum kuma da zumunci ake kama shi. Ya koma rumfa ya share wuri kusa da Othman. Ya san sarai in mutum ya ƙoshi da gahwa girgiza kofi yake, amma ya lissafa cewa girgiza kofi a gaban alƙalin da kake nema kuskuren siyasa ne. Aka zuba ya sha, aka ƙara ya sha. Shayi ya zo ya sha, ruwan lemo ya zo bai bar shi ba. Ana cikin haka cikinsa ya kawo tasa ƙarar, irin wadda ba ta jiran ƙararrawa.

Bayan gidan yana can ƙarshen ɗakunan dawaki, ga layi. Yana tsaye yana musanya ƙafa ya ji an buga ƙararrawar wasan ƙarshe. Yana ciki ya ji filin ya ɗauki ihu. Ya fito a guje yana ɗaura tazuge.

Abin da ya gani ya tsinka masa zuciya. Ga Nuraddeen a ƙasa, goshi a cikin rairayi, dokinsa tsaye a gefe. Ga sauran ukun sun rungume juna suna kuka. Ga A'i ta dafe kai tana "Wayyo Allah, wayyo ƙanina!" hawaye shaɓe-shaɓe. 'Yan Ubhur kuwa suna tsaye a natse suna musabaha da juna, an ɗauko kofi ana goge shi da ƙyalle. Rafi'u ya taɓa gashin bakinsa. Lokacin harsashi ya yi.

Wannan karon bai tsallake igiya ba, bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya zagaya da gudu, ya yi sallama ɗaya tak, ya fizge makirufo daga hannun mai sanarwa.

"Kar a miƙa kofin nan! Ina ƙara!"

Muryarsa ta cika filin. Nuraddeen ya ɗago daga ƙasa ya sheƙo a guje.

"Yaya, tsaya! Yaya!"

"Kwantar da hankalinka, ƙanina, na iso. Share hawayenka."

Othman ya cire tabarau ya dube shi. "Ya Abu Rahma, inta mudir na wa?"

"Na 'Yan Karantina, duniya ta sani."

"Kuma kana ihtijaj a kan wasan nan? Wannan da aka gama yanzu?"

"Shi fa."

"Mutaʾakkid? Yaʿni, ka tabbata?"

"Ustaz, ka ji tsoro ne? Jama'a ku saurara! Bokitin ƙarshe na layi na biyu ya fi na sauran kusa da taku guda. Ni na auna da ƙafata tun da safe. Duk wanda ya yi gudu a layin nan, nasararsa ta banza ce. A kawo igiyar awo, in ƙarya nake a ƙara da gemuna!"

"Yaya, ka yi shiru, mu ne..." Nuraddeen ya kama masa hannu.

"Na san ku ne aka zalunta. Bar ni da su."

Gaskiya ranar Rafi'u ya yi magana. Ya kawo zancen adalci, ya kawo zancen amana, ya kawo haƙƙin dawakan da aka sa su gudun da ya fi na wasu. Har wani tsoho a cikin 'yan kallo ya yi kabbara. Othman ya tura mataimakansa da igiyar awo. Suka auna, suka sake aunawa, suka dawo suna gyaɗa kai. Taku guda cur.

"Ihtijaj makbul," in ji Othman a makirufo. "An karɓi ƙara. An soke wasa, za a gyara bokiti a sake."

Rafi'u ya ɗaga hannuwa biyu yana jiran tafi. Tafin ya zo, amma daga ɓangaren da bai zata ba. Muath, dogon nan na Ubhur, ya ratso mutane ya rungume shi, ya sumbaci goshinsa.

"Wallahi ya ammi, ban taɓa ganin mai gaskiya irinka ba. Ƙungiyarka ta ci, kai kuma ka ce a sake!"

"Ƙungiyar wa ta ci?"

"Mu muka ci, Yaya," in ji Nuraddeen, muryarsa ta dushe. "An sake ƙuri'ar layi kafin wasan ƙarshe, lokacin da ka tafi inda ka tafi. Mu ne a layi na biyu. Da tsawon doki uku muka wuce su, ko da bokitin yana Makka ma mun ci."

"To me ya kai ka ƙasa?"

"Sujadar godiya nake yi."

Rafi'u ya waiga wajen A'i. "Ke kuma kukan me kike?"

"Ka taɓa ganin na yi murna ban yi kuka ba? Ranar da ka aure ni ce kaɗai kukan ya zama na gaske."

Makirufo ɗin yana kunne, filin duka ya ji.

Aka gyara bokiti, aka sake jera dawaki. Rafi'u ya tsaya a bayan igiya, ya dafe gashin bakinsa da hannu biyu yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Amma dawakan Karantina sun riga sun ba da abin da ke cikinsu a gudun farko. Nuraddeen ya yi iyakar yinsa. Muath ya riga shi tsallake layi da tsawon wuyan doki.

Rafi'u ya sake fyallawa rumfa. "Ustaz! Ina ɗaukaka ƙara a kan ƙarata!"

Othman ya nuna masa kofin, yana can sama a hannun Muath. "An miƙa, ya Abu Rahma. Halas. Ka sha gahwa?"

Da ya juyo, ya tarar Abdallah ya kifa bokiti a inuwa, ya kaɗa kumfa, ya shimfiɗa tawul a kafaɗa. Mutanen Sharafiyya sun yi da'ira, har 'Yan Ubhur sun matso da kofinsu. Rafi'u ya duba hagu ya duba dama, babu hanya. Sai idonsa ya faɗa kan Nuraddeen, yana tsaye shi kaɗai yana shafa wuyan dokinsa, shekara guda ta horo ta tafi a banza. A nan kunya ta gaske ta kama Rafi'u, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya je ya zauna a kan bokitin da kansa.

"Abdallah, ba shi askar," ya ce a hankali. "Shi ya fi cancanta ya fara."

Nuraddeen ya karɓa fuska a murtuke. Ya ja sau ɗaya, ya ja sau biyu, ɓangaren dama ya zube a kan tawul. Ya ja da baya ya dubi mijin yayarsa, rabin fuska mudir, rabi kuma wani baƙon mutum mai kama da ɗan makaranta. Ya cije leɓe, ya yi ƙoƙari, ya kasa. Dariya ta ƙwace masa har ya durƙusa, hawayen da ya riƙe tun ɗazu suka biyo ta.

"A bar shi haka!" wani ya yi ihu.

"Ina ƙara!" in ji Rafi'u.

"Ta wuce lokaci," in ji Abdallah, amma ya tausaya ya ƙarasa ɗaya ɓangaren.

A'i ta matso ta leƙa fuskarsa da kyau. "Ikon Allah. Abu Rahma, ashe kana da leɓe."

Kwana biyu Rafi'u bai leƙa shago ba. Yamma ta uku sai ga shi, ya zauna a kujerarsa, ya harɗe ƙafa kamar babu abin da ya faru. Nuraddeen yana nan, yana ba da labarin cewa baɗi ma za su shiga, kuma sun riga sun naɗa A'i mudir.

"Ku naɗa wanda kuka ga dama," in ji Rafi'u. "Amma ku je ku tambayi Ustaz Othman. Tunda aka buɗe filin nan, mudirai nawa suka kai masa ƙara ya kore su? Mutum ɗaya ne tak ya tsaya a gabansa ya yi nasara. Wane ne?"

Ya ɗaga yatsu biyu zai murza, kamar yadda ya saba in ya kai ƙarshen magana. Yatsun suka kama iska. Ya tsaya da hannu a sama, shagon duka na kallonsa, sai ya wayance ya sosa hanci.